Nama Ya Kwana, Wuta Ta Ɗauke: Na'urorin da Za Su Ceci Ragowar Balangu a Ungogo

Duk mai yawo a TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da bidiyon masu gashin nama na jihar Texas ta Amurka. Suna ɗaukar ƙirjin sa guda, su shafe shi da gishiri da masoro, su bar shi cikin hayaƙi awa 10 ko fiye, har ya yi laushin da wuƙa ke ratsa shi ba gardama. Idan aka zo batun ragowa, shawararsu ɗaya ce: a naɗe, a saka a firji, a ɗumama gobe ko jibi.

Shawarar ba ta da laifi, sai dai an gina ta ne a kan wutar lantarkin da ba ta ƙiftawa. A Bachirawa, Rijiyar Zaki, Kadawa, Rangaza ko Fanisau, firji na iya yin sanyi da safe, ya koma akwatin ajiya kawai da la'asar. Ga kuma nama ba ya yankewa: balangun da aka yi wa baƙi, tsiren da maigida ya shigo da shi da daddare, gasasshen tozon walimar biki, da uwa uba naman layya. Tambayar da ke gaban matashin Ungogo ita ce: awa nawa naman ya yi a cikin ɗumi kafin a waiwaye shi? Amsar wannan tambaya ce ke raba ɗumame mai daɗi da kwanan asibiti, kuma na'urorin da ke ba da amsar sun fi kowace na'urar ɗumama abinci araha.

Lissafin da ƙwayoyin cuta ke yi

Masana lafiyar abinci sun ware wani tsakanin zafi da suke kira yankin haɗari, daga digiri 5 zuwa digiri 60 a ma'aunin Salsiyos. Ƙasa da 5, ƙwayoyin bakteriya suna yin kasala. Sama da 60, ba sa iya hayayyafa. A tsakiya kuwa, musamman kusa da zafin jikin ɗan Adam, wasunsu na ninka yawansu duk bayan minti 20. Da wannan saurin, ƙwaya ɗaya tak za ta haura miliyan 2 cikin awa 7, wato daga sallar isha'i zuwa kafin asuba.

Daga nan aka fitar da ƙa'idar awa biyu: dafaffen nama kada ya wuce awa 2 a waje ba a sanyaya shi ba. Hukumar aikin gona ta Amurka ta ƙara da cewa idan zafin gari ya haura digiri 32, lokacin ya koma awa 1. A Kano, watannin Afrilu da Mayu kan kai digiri 40 da rana, ɗakin kwano kuma ya fi waje zafi. Ke nan a mafi yawan ranakun bazara, ƙa'idar awa ɗaya ce ke aiki a nan.

Akwai dalilin da ya sa batun zai ƙara nauyi a shekaru masu zuwa. An yi Babbar Sallah a Najeriya ranar 16 ga Yuni a 2024, sai 6 ga Yuni a 2025. Da yake kalandar Hijira na ja baya da kusan kwana 11 kowace shekara, layya na tafiya ne zuwa tsakiyar bazara, lokacin da nama ya fi saurin lalacewa, buƙatar lantarki kuma ta fi yawa.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 sun nuna cewa gurɓataccen abinci na kwantar da mutum miliyan 600 a duniya duk shekara, yana kashe 420,000. Kason yankin Afirka shi ne mutum miliyan 91 da ke kamuwa da 137,000 da ke mutuwa, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar su ne suka fi shan wahala.

Abin da wuta ba ta gyarawa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar cewa idan nama ya sake shan wuta, komai ya wuce. Wasu ƙwayoyi biyu sun ƙaryata wannan.

Ta farko ita ce Staphylococcus aureus, wadda ke zaune a fata da hancin mutane da yawa masu cikakkiyar lafiya. Tana hawa nama ta hannun mai yanka ko mai tsakura. Idan naman ya daɗe a ɗumi, sai ta saki guba. Zafi na kashe ƙwayar, amma gubar na nan daram ko an tafasa. Wanda ya ci kan fara amai da murɗar ciki tsakanin rabin awa zuwa awa 8.

Ta biyu ita ce Clostridium perfringens, wadda ta ƙware a kan manyan gundumomin nama. Tana da wani irin sulke da ke tsare ta daga zafin gashi. Idan gudan nama ya huce a hankali, tsakiyarsa na daɗewa a ɗumi, sai ta farka ta yaɗu. Sakamakonta gudawa ce da ciwon ciki bayan awa 6 zuwa 24, shi ya sa da wuya a danganta ciwon da naman jiya.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba, ya san ƙima. A wannan fage ido da hanci duka ba su san ƙima ba. Ƙwayoyin da ke sa nama wari da yauƙi daban, masu kwantar da mutum daban. Nama na iya yin ƙamshin yaji da hayaƙi alhali ya riga ya zama guba.

Kuskuren leda da kula

Mai tsire na naɗe nama da zafinsa a takarda, ya zuba albasa da tumatir da kabeji, ya ƙulle a leda. Wannan naɗi na hanya ne, ba na kwana ba. Cikin leda naman na yin gumi, ɗanyen kayan lambun na ƙara masa danshi tare da nasu ƙwayoyin. Idan an san za a rage, abu na farko shi ne a buɗe ƙunshin, a tsame albasa da tumatir, a juye naman a mazubi mai tsafta.

Kula ma tana yaudara. Aikinta rage saurin hucewa ne, ba ta ƙara zafi. Naman da aka zuba da zafinsa da ƙarfe tara na dare zai sauko ƙasa da digiri 60 cikin 'yan awanni, daga nan ya kwana a daidai ɗumin da ƙwayoyin cuta suka fi so. Kula ta dace da kai abinci gidan biki ko asibiti a ci nan take. Idan ajiya ake nufi, sai dai a juya aikinta, a cika ta da ƙanƙara.

Ga naman da zai shiga firji, girman yanka na da muhimmanci. Masu gashin Texas sun fi son ajiye nama a dunƙule domin kada ya bushe, amma babban guda na daɗewa kafin sanyi ya kai tsakiyarsa. Matsakaicin yanka, kamar girman dunƙulen hannu, ya haɗa amfanin biyu. A shimfiɗa a mazubi marar zurfi, tudun naman kada ya wuce santimita 5, a rufe, a zuba romon da ya tsatso a wani ƙaramin mazubi domin ranar ɗumame. Ba sai an jira ya huce sarai ba. Da tururi ya lafa sai firji.

Firji da jadawalin wuta

A tsarin hukumar NERC, an kasa masu amfani da lantarki rukuni biyar. Rukunin A na da alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Kamfanin KEDCO, mai raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, na aiki ne da wannan tsari. Ko a kan takarda, gidan da ke rukunin D na iya yin awa 16 a rana ba wuta. Sannan akwai abin da ya fi ƙarfin jadawali, kamar duhun da ya rufe yawancin jihohin Arewa fiye da mako guda a watan Oktoba na 2024, bayan lalacewar manyan layukan dakon lantarki.

Ga alƙaluman da ya kamata kowa ya adana a wayarsa. Firjin da wuta ta ɗauke na riƙe sanyin da ya dace na kimanin awa 4, idan ba a buɗe shi ba. Firizar da ke cike na riƙewa kusan awa 48, wadda ke rabi kuma awa 24. An yi wannan ƙiyasi ne a ƙasashen da ba su kai Kano zafi ba, don haka a ɗauke shi a matsayin iyaka ta ƙarshe. A firjin da sanyinsa bai haura digiri 5 ba, gasasshen nama na yin kwana 3 zuwa 4. A firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili yana yin wata 2 zuwa 3 ɗanɗanonsa bai gushe ba.

Darasin a fili yake: inda wuta ke yawan ɗaukewa, ragowar nama ta firiza ce, ba ta firji ba. Firiza mai buɗewa ta sama ta fi mai ƙofa riƙe sanyi, domin iska mai sanyi na da nauyi, ba ta zubowa idan an ɗaga murfi. Idan ba ta cika ba, a cike gurbin da robobin ruwa. Duk lokacin da aka kawo wuta suna daskarewa, idan an ɗauke su yi aikin batir na sanyi. A bar ɗan fili a saman kowace roba saboda ruwa na kumbura idan ya zama ƙanƙara.

Wuta marar ƙarfi ma matsala ce. Fitilar cikin firji na iya kamawa alhali injin bai tashi ba, mutum ya ɗauka komai lafiya. Stabilaiza, ko ƙaramar na'urar nan da ke jinkirta shigar wuta na 'yan mintuna bayan an dawo da ita, na kare injin daga ƙonewa. Masu sola su lura cewa injin firiza na fizgar wuta ninki da yawa a daƙiƙun farko na tashi, don haka inbatar da aka saya don fanka da talabijin na iya kasawa. Akwai firizar da aka ƙera don aiki kai tsaye da batir mai bolt 12 ko 24, kuma ita ta fi dacewa da ƙauyukan da layin lantarki bai wadata ba.

Na'urori uku kafin a yi maganar maikurowef

Ta farko ita ce ma'aunin zafi na tsirawa, mai allurar ƙarfe da ɗan allo. Ana soka shi a tsakiyar yanka mafi kauri, ba kusa da ƙashi ba, cikin daƙiƙu ya nuna lamba. Ana iya neman irinsa a shagunan kayan girki na Kasuwar Sabon Gari ko a Jumia da Konga. Gwajin ingancinsa mai sauƙi ne: a tsoma shi a kofin ƙanƙara da ɗan ruwa, ya kamata ya nuna sifili ko kusa da haka. Bindigar auna zafin goshi da ta yaɗu lokacin korona ba za ta maye gurbinsa ba, domin an saita ta don jikin mutum, kuma saman abu kawai take gani.

Ta biyu ita ce ma'aunin cikin firji mai tuna mafi zafi da mafi sanyin da aka kai. Wannan shi ne mai ba da shaida. Mutum ya fita aiki cikin gari tun safe, ya dawo ya tarar da wuta, firji na ta guɗa. Ba abin da zai nuna masa cewa an ɗauke wutar awa 9 a tsakani sai wannan na'ura. Kamfanoni irin su Inkbird da Govee na yin masu haɗuwa da waya ta Bluetooth, suna adana bayanai a cikinsu, da an matso da waya manhajar ta zana yadda sanyin ya hau ya sauka. Ba sa buƙatar data ko Wi-Fi, kuma da ƙaramin batir suke aiki. Kafin saye a duba cewa samfurin na jure sanyin firiza.

Wanda bai samu wannan ba, akwai dabarar kofi. A daskarar da ruwa a kofi, a ɗora maɓallin ƙarfe ko ɗan dutse a kai, a bar shi cikin firiza. Idan aka same shi a ƙasan kofin, ƙanƙarar ta narke ta sake daskarewa, haka ma naman. Dabarar ba ta faɗin awanni, amma tana tona asirin narkewar da aka yi a ɓoye.

Ta uku tana aljihu tuni. Agogon ƙararrawa na waya, a saita shi awa ɗaya daga lokacin da aka sauke nama daga tukuba ko aka karɓo ƙunshi. Hoton mazubi kafin a rufe firji ma na da amfani, tunda waya na liƙa wa kowane hoto rana da lokaci. A gidan da ke da zauren WhatsApp na iyali, saƙo ɗaya cewa an ɗauke wuta ƙarfe kaza ya isa ya zama rajista.

Yadda ake ɗumamawa

Lambar da ake nema ita ce digiri 74 a tsakiyar nama. Matsalar ita ce kaiwa can ba tare da naman ya koma kamar fata ba. Naman ƙirji da tozo na da jijiya da kitse da suka narke lokacin gashi, suka daskare a cikin sanyi. Wuta mai ƙarfi na ƙone baya kafin ciki ya narke. Wuta kaɗan, ɗan ruwa, da murfi su ne sirrin.

Hanyar da ta fi dacewa da yawancin gidaje ita ce tukunya a kan gas, risho ko kurfoti. A zuba romon da aka ajiye ko ruwa cokali uku zuwa huɗu, a jera naman, a rufe, a rage wuta, a riƙa juyawa. Idan ma'auni ya nuna 74, a buɗe murfin na minti ɗaya ko biyu domin bayan naman ya ɗan soyu. Yaji sabo a barbaɗa bayan an sauke, domin ƙuli-ƙulin da ke cikinsa na saurin ƙonewa ya yi ɗaci.

Maikurowef na da sauri, amma ba ya raba zafi daidai. Gefe na iya ƙuna tsakiya na sanyi. A yanka naman ƙanana, a yayyafa ruwa, a rufe da murfin da ya dace, a tsaya a juya a rabin lokaci, a bar shi minti biyu bayan ya tsaya, sannan a auna a wuri biyu ko uku. Takardar alminiyam, jarida da baƙar leda ba sa shiga cikinsa. Sannan yana jan wuta sama da wat 1,000, abin da ƙaramin janareta irin Tiger ba zai ɗauka ba. Tukunyar suya da iska mai zafi, wadda ake yayi yanzu, na dawo wa tsire da ƙamas ɗinsa, amma tana busar da balangu, kuma ita ma mai cin wuta ce.

Daskararren nama a narkar da shi cikin firji, ko a ƙulle a leda mai kyau a tsoma a ruwan sanyi ana canza ruwan duk rabin awa. Shanya shi a rana ko barinsa a tsakar gida na mayar da bayansa yankin haɗari tun ciki bai saki ba. A ɗebi iya wanda za a ci kawai, domin ɗumame sau ɗaya ake yi. Naman da ya fara narkewa saboda ɗaukewar wuta amma har yanzu da ƙanƙara a jikinsa ana iya mayar da shi firiza. Wanda ya saki gaba ɗaya ya yi ɗumi fiye da awa biyu, haƙuri ya fi.

Idan babu sanyi, a kore ruwa

Tun kafin lantarki, Hausawa sun warware matsalar ta wata hanya. Ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa inda babu danshi. Kilishi, wanda unguwar Agadasawa a birnin Kano ta yi suna a kansa, nama ne da aka feɗe siriri, aka shanya, aka tsoma a labu, aka sake shanyawa, aka gasa. Dambun nama da suyar Sallah da ake yi har ta bushe ƙayau duk a kan wannan hikima suke.

Saboda haka ragowar balangu a gidan da ba firiza na da mafita: a yanka ƙanana a daren, a soya cikin mai har ruwan ya ƙone, ko a daka a mayar da shi dambu. Sharaɗin shi ne a yi hakan tun naman na da lafiya, ba bayan ya kwana ba. A bar shi ya huce sarai kafin a rufe, a sa a mazubin da ƙuda da ɓera ba za su kai gare shi ba, a riƙa ɗiba da cokali busasshe.

Tukunya cikin tukunya, fasahar da malamin nan na Jigawa Mohammed Bah Abba ya yaɗa har ta ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000, na tsawaita kwanan tumatir da yalo da alayyafo ta hanyar jiƙaƙƙen yashi. Sanyinta bai kai digiri 5 ba, don haka ba ta nama ba ce. Mafita ta wucin gadi ita ce kula cike da ƙanƙarar saye, nama a ƙulle a tsakiya, ma'auni a ciki, a ƙara ƙanƙara kafin ta ƙare.

Lokacin da ya wuce batun na'ura

Idan amai ko gudawa suka biyo bayan cin nama, abu na farko shi ne mayar da ruwan jiki da haɗin gishiri da sukari na ORS. Jini a bayan gida, zazzaɓi mai zafi, aman da ba ya barin ruwa ya zauna, ko raguwar fitsari alamu ne na a tafi asibiti ba jinkiri. Ƙananan yara, masu juna biyu da tsofaffi ba a jira da su. Su ne kuma ya kamata a fara tunawa da su idan ana shakkar wani nama, tunda sau da yawa ragowar daren jiya yara ake miƙa wa da safe.

A tsadar nama ta yanzu, zubar da ko yanka ɗaya na da ciwo, kuma ba wanda ke son almubazzaranci. Hanyar kauce wa zubarwar tana farawa ne tun a awa ta farko: a raba wa maƙwabta abin da ba za a iya ajiyewa ba, a daskarar ko a soye sauran, a bar ma'auni da agogon waya su riƙe lissafi.